Amsa: Kyamarar taurari masu faɗuwa tana dushewa da asuba

Malam, dushewar da ka ce hoton yana yi da asuba, raɓa ce take kwanciya a gilashin akwatin da kyamarar take ciki, ba laifin kyamarar ba ne. Naɗa siririyar waya mai ɗumi ta wat 2 ko 3 a gefen gilashin, ka jefa ƙullin silika mai shan danshi cikin akwatin, ka toshe ramin kebul sosai, don ta nan danshi yake shiga. Kashe fitilun infrared na kyamarar ma (masu hasken da ido ba ya gani), haskensu yana dawowa daga gilashin ya wanke hoton.

Firikwensin IMX291, wato abin da ke ɗaukar hoto a cikin kyamarar, da firam 25 a daƙiƙa ya wadatar. Amma duba agogon Raspberry Pi ɗin, ƙaramar kwamfutar da ke haɗe da kyamarar. In ya kauce, bayananka ba za su haɗu da na wata tashar kyamara ba. Gama gyaran kafin Geminids, ruwan taurari masu faɗuwa da ya fi yawa a daren 13 zuwa 14 ga Disamba.