Ku Tambayi Likita: Wai da gaske alkama ce ke kumbura mana ciki?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin duk sun taru a kan abu guda, maganar gulutin da alkama, tunda bidiyoyi suka cika WhatsApp da TikTok ana cewa a bar burodi a zauna lafiya. Na ɗauko huɗu, waɗanda ba su ga nasu ba su yi haƙuri, amsarsu na ciki.

TAMBAYA: Salam Likita, dan Allah a taimaka min. Na daɗe ina fama da kumburin ciki da yawan gyatsa da kasala, an ce olsa ce na sha magani, an ce basir ne na sha na gargajiya har na gaji, sai ƙanwar maigida ta turo min bidiyon wata mata tana cewa duk gulutin ne, wai guba ce a cikin alkama, toh na bar burodi da taliya da Indomie da su cincin kusan wata guda kuma wallahi na ji sauƙi har tumbina ya ragu. Shin na bar su kenan har abada? Kuma in hana yara da babansu?
Daga wata uwargida, Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA: Wa'alaikis salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Sauƙin da kika ji gaskiya ne, ban musa ba. Wanda aka ɗora wa laifin ne nake da ja a kai.

Shi gulutin ɗin nan ba wani abu ba ne da Turawa suka zuba a fulawa, furotin ne da Allah ya halitta cikin ƙwayar alkama da sha'ir da wani ɗan uwansu da ake nomawa a ƙasashen sanyi. Shi ke sa in kin kwaɓa fulawa ta yi danƙo tana miƙewa, shi ke riƙe iskar yis har burodi da fanke su tashi, shi ya sa garin dawa ko na gero duk yadda kika kwaɓa ba zai miƙu a yi taliyar murji da shi ba. In kina so ki gan shi da idonki, kwaɓa fulawa da tauri ki yi ta wanke ta cikin ruwa, farin zai tafi, abin da ya rage a hannunki mai danƙo shi ne.

Toh yanzu dubi abin da kika bari. Burodi ai ba ya tafiya shi kaɗai, da shayi mai kauri yake zuwa, suga cokali uku, madara, bota. Indomie da mai da ƙwai ne ƙarfe goma na dare a kwanta a kai. Cincin kuwa fulawa ce da suga da mai, ba komi. Kin zubar da duk wannan kin koma koko da ƙosai da tuwon dawa miyar kuka, ina tumbi ba zai ragu ba? Ko da babu ɗigon gulutin a cikinsu haka za ki ji.

Sannan akwai wani abu a cikin alkama da mutane ba su cika ji ba, ana ce mashi furuktan, wani sinadari ne dangin suga da ƙaramin hanji ba ya narkarwa, sai ya gangara babban hanji ƙwayoyin da ke can su cinye shi su saki iska, ciki ya ɗaure. A Jami'ar Monash ta Ostireliya an yi bincike a 2011 da ya nuna kamar gulutin na damun wasu da ba su da cutar siliyak, wato ciwon da gulutin ke ɓata hanjin mai shi, duniya ta ɗauka, sai su dai masu binciken suka sake shi a 2013 da mutum 37, suka fara rage masu irin waɗannan abincin masu sa iska, sai kowa ya ji dama, da aka dawo masu da gulutin a ɓoye ba su san wanne suke ci ba, ba a ga wani bambancin kirki ba. A Norwe ma a 2018 an gwada mutum 59 da suka ce gulutin na cutar da su, aka ga furuktan ya fi tayar masu da ciki. Kuma shi furuktan ɗin nan cike yake a albasa da tafarnuwa, waɗanda ban taɓa jin wata mai bidiyo ta ce a bari ba, ƙila dan ta san ba matar da za ta saurare ta. Wake ma yana da nashi irin.

Maganar wai barin gulutin na kare zuciya ita ma an bi ta. Mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani bincike a 2017 na mutum sama da 100,000 a Amurka da aka bi su fiye da shekara 20, ba a ga cin gulutin ya ƙara ciwon zuciya ba, sai ma gargaɗi da suka yi cewa mai gudunsa na iya rasa hatsi mai dusa wanda shi ke taimakon zuciyar.

Shawarata, ki je asibiti a yi maki gwajin ƙwayar H. pylori mai kawo olsa da na bayan gida da na jini, dan kasalar nan na iya zama ƙarancin jini, ki kuma gaya wa likita maganar alkamar, ki karanta amsar da ke biye ki ga dalili. In kina ganin jini a bayan gida, ko baƙin kashi, ko rama ba dalili, ko abinci na tsaya maki a ƙirji, kar ki jira ko mako. Yara da babansu kuwa ki bar su da burodinsu, a dai rage. Tun 2002 doka ta tilasta wa kamfanonin fulawa a Najeriya su ƙara mata bitamin A da sinadarin ƙarin jini, ba a hana yaro wannan a kan bidiyo.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ɗiyata ce shekararta 4, tun da aka yaye ta take gudawa mai wari sosai kamar da maiƙo a ciki, cikinta ƙato ƙafafu sirara, ƙaninta ya kusa kamo ta a tsawo, an ba ta maganin tsutsa ya fi a ƙirga. Wani ɗan uwana ma'aikacin lafiya ya ce mu daina ba ta duk abin da aka yi da alkama mu gani. Mu daina?
Daga wani malamin makaranta, Daura

AMSA: Malam, Allah ya ba ta lafiya. Ɗan uwanka ya yi tunani mai kyau, amma kar ku daina tukuna, ka ji dalili.

Abin da yake zargi cutar siliyak ce, kuma ita kam gaskiya ce, a nan ne gulutin ke zama abokin gaba na haƙiƙa. Garkuwar jikin mai ita ce ke ɗaukar gulutin a matsayin maƙiyi, garin yaƙarsa sai ta ɓata bangon ƙaramin hanji. Bangon nan yana da 'yan tsirai tsirai kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci, in suka shafe sai yaro ya yi ta ci abinci na wucewa, ga gudawa mai maiƙo, ga ƙarancin jini, ga rashin girma, manya kuma har ƙashi ya yi rauni ko ƙuraje masu ƙaiƙayi su fito a gwiwar hannu da ta ƙafa. A duniya kusan mutum 1 cikin 100 ke da ita, kuma tana bin jini, in an samu mutum guda a gida toh cikin iyayensa da 'yan uwansa na ciki ɗaya da 'ya'yansa kusan 1 cikin 10 na iya samunta.

Wani likitan yara ɗan Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da alaƙarta da alkama. A yunwar da aka yi a ƙasarsu ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, 1944 zuwa 1945, burodi ya ɓace, sai ya ga yaran da ke da cutar sun murmure a lokacin da kowa ke ramewa, da burodi ya dawo suka koma gidan jiya. Kar kuma a ce ciwon Turawa ne, binciken da aka buga a 1999 kan yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya samu kashi 5.6 cikin 100, ya ninka na Turai sau da yawa, mutanen Sahara ne, hamada ɗaya ta raba mu da su.

Dalilin da na ce kar ku daina, gwajin jinin da ake yi, tTG-IgA, martanin da jiki ke mayar wa gulutin yake nema, in kun janye alkama na makonni sai martanin ya kwanta, gwaji ya fito ƙalau alhali cutar na nan, haka in an zura na'ura an ɗebo ɗan naman hanji za a tarar ya fara warkewa. Sai ku zauna cikin kokwanto shekara da shekaru, yau a hana ta gobe a ba ta. Sannan alamun da ka lissafa ba siliyak kaɗai ke kawo su ba, a wajenmu tamowa da ƙwayar giyardiya ta gurɓataccen ruwa da sikila da tarin fuka duk sun fi ta yawa, dole a duba su. Ka kai ta wajen likitan yara a wannan makon, ka faɗa mashi da bakinka kana so a duba siliyak, in abin ya fi ƙarfin nan a tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano.

In an tabbatar, toh magani ɗaya ne, barin gulutin gaba ɗaya har ƙarshen rayuwa, ba ragewa ba, ba wai ranar Sallah a ɗan ba ta alkaki ba. Mu kam Allah ya rufa mana asiri, gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya, dankali, wake, gyaɗa, nama, nono, duk babu gulutin, furarku ta Daura ta sha abinta. Wahalar tana wajen waɗanda ke ɓoye. Ɗanwake yanzu yawancinsa da fulawa ake kwaɓawa. Semo alkama ce. Funkaso, gurasa, dashishi, dubulan, kuskus na kwali, duk ita ce. Wasu masu waina na barbaɗa fulawa a ƙullu. Lemon malt da Milo akwai sha'ir a ciki, talbina ma da ake saye a shagunan maganin Musulunci sha'ir ce zalla, ga mai lafiya abinci ne mai kyau, ga mai siliyak a'a. Sai injin niƙa, in an niƙa alkama kafin dawarku an gama, gara ku samu mai injin da kuka yarda da shi ko a koma turmi, haka man da aka soya fanke kar a soya mata ƙosai a ciki. Ƙa'idar duniya ta abincin da za a ce babu gulutin ita ce kar ya wuce miligiram 20 a kilo guda, ka ga ɗan ɓurɓushin burodi ma ya isa. Yawancin yara cikin 'yan makonni fara'a da cin abinci ke dawowa, girman ya biyo baya a hankali.

TAMBAYA: Likita, Babanmu na da ciwon suga, shekaru ana ce mana tuwon alkama kawai zai ci, yanzu kuma an ce alkamar ce ma ke ƙara ciwon saboda gulutin. Wanne za mu kama?
Daga wani ɗan kasuwa, Sabuwar Unguwa, Katsina

AMSA: Alhaji, duka biyun a ajiye su. Gulutin furotin ne, ba shi ke hawar da suga ba, sitaci ne, kuma sitaci na nan a alkama kamar yadda yake a dawa da shinkafa da acca. Alkamar da aka niƙa da dusarta ta fi farar fulawa, wannan haka ne, amma in an niƙe ta liƙis aka tuƙa malmala uku aka ajiye wa Baba dan an ce ta masu suga ce, sugan zai hau ya yi ta hawa. Na sha ganin dattijo ya tsani lokacin cin abinci saboda kullum abu guda, abin tausayi, ga shi ba wani amfanin da ya samu. A rage malmalar, a yawaita miyar ganye, zogale, rama, kuɓewa, a sa wake da kifi ko nama, a riƙa canza hatsin. In kuna da na'urar awon suga a gida, a auna shi awa 2 bayan cin abinci, yau alkama gobe dawa jibi acca, daidai yawa ɗaya, lambar za ta gaya maku wanne jikinsa ya fi ɗauka. Maganinsa kuma kar a taɓa sai da likitansa. A gaishe da Baba.

TAMBAYA: Dokta ina so in rage ƙiba, na ga biskit da taliya na waje a babban kanti an rubuta babu gulutin amma tsada kamar me. Zai taimaka?
Daga wata ɗaliba, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua

AMSA: Ƙanwata riƙe kuɗinki. An yi su ne dan masu siliyak, kuma da yake an cire abin da ke ba su danƙo sai a cike gurbin da sitacin shinkafa ko masara ko dankali, sau da yawa a ƙara suga da mai dan su ciwu, juya bayan kwalin ki karanta ki gani. Da kuɗin kwali ɗaya sai ki auno acca ko gero a kasuwa ki samu canji. Ki fara da lemon kwalba da cin dare, ki riƙa taka ƙafa daga hostel zuwa aji maimakon hawa Keke Napep, bayan wata biyu ki rubuto min.

Fitowa ta gaba za mu taɓa hawan jini da dunƙulen ɗanɗano, masu tambaya a kai su turo da wuri.