Muryar Goggo a kan maganar Baba da jinin Jamus

Assalamu alaikum. To 'yata, na saurari saƙonki, wai da gaske ne Baba jinin Jamusawa ne. Na san inda kika dosa, maganar fasfo ce, don yayanki ma ya taɓo ni da ita bara. Ki cire rai, takarda ko fallen guda babu. Amma eh, gaskiya ne.

A Garwa aka haife shi, lokacin Kamaru tana hannun Jamus. Wanda ya haife shin ma'aikacin gwamnatinsu ne, Kaka kuwa yarinya ce ƙarama, kuma ba wanda ya nemi yardarta, kar a yi muku ado a nan. Da Ingilishi da Faransa suka ci Garwa a 1915, mutumin ya ɓace, ko sallama babu. Baba yana goye... a'a, ya soma tafiya, don Kaka ta ce sai dai ta riƙa sauke shi tana ɗauka har suka iso Mubi cikin ayarin fatake.

A nan Malam ya aure ta. Malam shi ne uban Baba, ku riƙe wannan. Shi ya ba shi allo, shi ya kai shi koyon ɗinki, sunansa muke amsawa har gobe. Kuma don Allah ku daina cewa kiyaye lokacin nan na Baba jinin Jamus ne. Wane Jamus? Mutumin da bai san fuskarsa ba? Malam ne yake tayar da shi kafin assalatu, da ruwan randa in ya yi nauyin barci.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne kawun Inna. Da Baba ya je neman aure, a gaban mutane ya ce su ba sa ba ɗan Nasara 'ya, wai ba shi da asali. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani! Sai da liman ya shiga tsakani. Kuma shi dai wannan kawun, duk Sallah sai ya aiko da yadinsa, Baba ya kwana kan keke ya ɗinka masa riga 'yar ciki da wando, sisi bai taɓa karɓa ba. Ni nake kai masa, ina kaiwa ina kuka. Ko sannu. Sai ya ɗaga rigar ya ce wuyan ya yi faɗi. Lokacin ƙuri'ar 1961 ma, da aka ce mu zaɓi Najeriya ko Kamaru, shi ne ya ce wa Baba a bakin layi, kai kuma ina akwatin Jamus? Baba bai tanka ba. Kawun ya rasu, Allah ya gafarta masa, amma ni dai... bari na bar wannan.

Sau ɗaya tak na ji Baba ya ɗauko zancen da kansa. Rediyo na kunne, Muryar Jamus, sai ya ajiye almakashi ya ce, ko mutumin nan ya taɓa tuna ya bar yaro a Garwa? Ya ɗauki almakashinsa ya ci gaba da yanka.

Hoton nan nasa mai jar dara yana wajen Baffanku. Ku matsa masa ya ɗauka ya turo nan, ki dubi idanun, irin na ɗanki ne sak.