Kai sabuwar Mustang gida daga Toronto zuwa Montreal a watan Janairu

Ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri. Ka ce ka sayi mota ƙirar Ford Mustang GT a birnin Toronto na ƙasar Kanada, kana tambaya ko za ka iya tuƙa ta zuwa Montreal ta babbar hanyar 401 cikin wannan sanyi.

Kafin komai, duƙa ka duba tayoyin. Wasu daga cikin irin waɗannan motoci kan fito da tayar bazara, wadda robarta ke fara sandarewa da zarar sanyi ya yi ƙasa da digiri 7 na Selsiyos. Ba sai dusar ƙanƙara ta zuba ba. Ko a busasshiyar kwalta ba ta kama ƙasa sosai. Ga shi ƙarfin injin duk a ƙafafun baya yake, ɗan taka totur kaɗan sai bayan motar ya zame. Nemi tayar hunturu mai tambarin dutse da ƙanƙara a gefenta, a saka maka huɗu, ba biyu ba. Dama dokar Kwibek, lardin da Montreal take ciki, ta wajabta su daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Ni dai da ni ne, motar ɗaukar motoci mai rufi zan biya ta kawo min ita. Tafiyar ta haura kilomita 500, ga gishirin da ake watsa wa hanya yana cin ƙarƙashin mota.

In dole sai ka tuƙa, tashi da hantsi ranar da gari ya washe. Kunna tsarin tuƙin dusar ƙanƙara, kada ka kashe na'urar hana santsi, ka bar tazara mai yawa. Ka yi hattara da kan gadoji, can ƙanƙarar da ido ba ya gani ke fara daskarewa.