Mai ciki da ciwon ɓarin kai: ta sha azumi ko ta daure?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Daga Garwa nake. Cikina wata 5, kuma tun ina budurwa nake fama da ciwon kai na ɓari ɗaya. In na ɗauki azumi, kafin azahar ya taso min har da amai, ko haske ba na son gani. Uwar mijina ta ce raki ne, su ma da ciki suka yi nasu. In sha ko in daure?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ki lafiya, 'yata, Ya raba lafiya.

Ki sha. Rangwame biyu suka haɗu a kanki: ciwo da ciki. Aya ta 185 a Suratul Baƙara ta yarje wa maras lafiya ya rama a wasu kwanaki, hadisin Anas ɗan Malik Alka'abi kuma ya ce Allah Ya ɗauke wa mai ciki da mai shayarwa azumi. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda Risala ta fara kawowa, mai ciki ramuwa kawai za ta yi, babu ciyarwa. In kuwa kina tsoron cutuwa mai tsanani gare ki ko abin da ke cikinki, shan ya zama wajibi.

Ciwon nan ba raki ba ne. Larabawa na ce masa shaƙiƙa, kuma Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya yi ƙaho a kansa saboda ita, yana cikin harami. Ki gaya wa Hajiya haka da ladabi, ko mijinki ya gaya mata. Amma ke kar ki kira wanzami. Mai ciki ba ta da jinin zubarwa.

Yunwa, ƙishirwa da ƙarancin barci suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, ga zafin Garwa da kan wuce digiri 40 a bazara. Na san matan da ke ɗaure kai tamau da ɗankwali, su haɗiye ƙwaya ba ruwa, wai don kar azumi ya karye. Ya riga ya karye, wahala ce kawai ta ragu musu.

Maganar ƙwaya ta fi damuna. Likitoci sun amince wa mai ciki da parasitamol bisa ƙa'ida. Ibuprofen kan cutar da jariri, musamman a watannin ƙarshe, ergotamine kuwa, wani maganin ciwon ɓarin kai, yana murɗa mahaifa. Don haka bai halatta ki sha abin da mai talla ya ɓantaro miki a kasuwa ba, tun da ba jikinki kaɗai zai shiga ba.

Sannan ki kiyaye: daga mako na 20, in ciwon ya sauya kama, fuska da hannaye suka kumbura, ko kika ga dishi-dishi, to yana iya zama hawan jinin da ke kai mai ciki ga jijjiga. Ki tafi asibiti a gwada jininki a ranar, kar ki jira ranar awo.

Salla ba ta faɗuwa. In tsayuwa ta gagara ki yi a zaune, in zama ya gagara ki yi a kishingiɗe. Wallahu a'alam.