Kwamfutocin Gwamnati Ba Sa Jin Yaren Juna Ne?

TAMBAYA: Malam, ofisoshin gwamnati sun koma aiki da kwamfuta, amma duk inda na shiga sai an miƙo mini fom in sake rubuta suna, ranar haihuwa da adireshi. Wai kwamfutocin nan ba sa magana da juna ne? Daga wata mai karatu.

AMSA: Malama, suna iya magana, fahimtar juna ce ke ba su wuya. Na taɓa aikin haɗa rajistar ma'aikatu biyu, kowace da gurbin "adireshi". Sai da muka yi nisa muka gano ɗaya tana nufin inda mutum yake kwana, ɗayar kuwa inda ake aika masa wasiƙa. Ga kuma kwanan wata: 03/04/1990 a Ingila 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris. Kwamfuta ba ta tambaya, abin da aka ba ta take haɗiyewa, sai ki wayi gari da ranar haihuwa biyu.

Wannan ciwon ne Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, ya nemi magancewa. A 2001 shi da abokan aikinsa biyu suka bayyana tunanin yanar gizo mai gane ma'ana. Tun kafin nan, ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta fitar da ƙa'idar RDF a 1999, inda ake rubuta kowane bayani gaɓa uku: abu, alaƙa, da abin da aka danganta shi da shi. Misali, "wance, 'yar, wane". Ana ba abubuwa da alaƙoƙi lambar shaida ta musamman, don kada a rikita masu suna ɗaya.

A 2004 aka ƙara da OWL, harshen rubuta ontoloji. Kada sunan ya firgita ki. Ontoloji ƙamus ne na yarjejeniya, wanda ke fayyace mene ne "mazauni", mene ne "kamfani", da yadda suka danganci juna. In an rubuta a ciki cewa haihuwa alaƙa ce mai fuska biyu, da zarar ofishin rajistar haihuwa ya ce ke kika haifi yaro, kwamfutar ofishin ilimi za ta gane da kanta cewa ɗanki ne.

Ƙasar Istoniya da ke Turai ta fara tsarin X-Road a 2001, hanyar da ma'aikatunta ke musayar bayanai, kuma tana bin ƙa'idar "tambaya sau ɗaya", wato kada gwamnati ta sake tambayar mutum bayanin da ya riga ya ba ta. Tarayyar Turai, a tsarinta na 2017, ta kasa aikin sa ma'aikatu su fahimci juna gida huɗu: doka, tsarin aiki, ma'ana, da fasaha. A ganina na ma'anar ne mai cin rai, domin sai ma'aikatu sun zauna sun yarda da ma'anar kalma guda, alhali kowace tana riƙe da tata kamar gado.

Abu ɗaya nake jin tsoro: in rajistoci suka haɗu, kuskure ɗaya zai bi ki ko'ina. Don haka in kika ga an ɓata sunanki ko ranar haihuwarki, ki tambayi wace rajista ce tushen bayanin, ki je can a gyara, ki kuma karɓi takardar shaidar gyaran ki adana.