Tambaya da Amsa: Ginshiƙin Siminti a Bakin Gonata

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da gona a wajen Rigachikun. Kwanakin baya wasu mutane suka kafa ɗan ginshiƙin siminti daf da iyakata, da ƙarfe a tsakiyarsa da lamba a jiki. Suka ɗora masa wata na'ura mai ƙafa uku, suka zauna gindin mangwaro har la'asar. Maƙwabta na cewa ƙwace gonakin za a yi. In tuge shi? Daga wani manomi.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, don girman Allah kada ka taɓa shi. Ginshiƙin shi kaɗai ba ya nuna za a karɓi gonar kowa. Mu ma'aikatan safiyo tushen awo muke kafawa da shi. Bikon, wato alamar simintin da ke kusurwar fili, iyakar mutum ɗaya yake nunawa, wannan kuwa daga kansa ake auna filayen yanki guda.

Zaman da ka ga sun yi aiki ne. Na'urar tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam na GPS, masu yawo a nisan wajen kilomita 20,200, kuma sai ta samu aƙalla huɗu kafin ta san inda take. Wayar hannunka ma tana yin haka, amma takan kauce da mita uku ko biyar, kuma mita uku a fulotin unguwar Kawo ta Kaduna ɗaki guda ke nan. Shi ya sa ake ajiye na'ura biyu, ɗaya a wurin da aka riga aka san awonsa, ɗaya a sabon ginshiƙin, su yi sa'o'i suna ɗauka tare. Kuskuren da sararin sama ke jawowa kusan iri ɗaya yake shafar su, sai a cire shi a lissafi, awo ya tsaya a 'yan santimitoci. Ofishin Safiyo Janar na Tarayya ya kafa tashoshi don su riƙa yin wannan aiki dare da rana, ciki har da ɗaya a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Ga inda rigima kan taso. Tsofaffin taswirorinmu an ɗora su ne a kan wani tushen awo da ke kusa da Minna, mai lamba L40, GPS kuwa da ma'aunin duniya mai suna WGS84 yake aiki. Tsakaninsu akwai bambancin gomman mitoci. Wanda ya haɗa tsohuwar takarda da sabon awo ba tare da ginshiƙi irin wannan ba, sai ya jefa gidan wani cikin filin wani, 'yan'uwa su ƙare a kotu.

Ɗalibai ma da shi suke koyo. Na koyar da yara awo, kuma kullum daga ginshiƙi muke tashi, mu zagaya, mu dawo kansa. In lissafi bai haɗu ba, yaro ya san hannunsa ne ya kauce. Yana ci mini rai in kai ɗalibai in tarar 'yan jari bola sun fasa simintin saboda ɗan ƙarfen nan, ko mai gini ya gusar da shi taki ɗaya ya mayar. Wanda aka gusar ya fi wanda ya ɓace illa, domin kowa zai ci gaba da yarda da shi.

Ka kwafi lambar, ku je KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, kai da mai unguwa, ku tambayi wanda ya kafa shi da dalili. Kafin nan kada a ɗaure masa shanu, kada kuma a dasa bishiya kusa da shi, don na'urar tana buƙatar ganin sama sarai.