Mata huɗu a jere, na biyar fa?

Ƙanwata, kin ce 'ya'yanki huɗu duk mata ne, ga ciki na biyar, dangin miji kuma suna cewa wannan karon dole namiji ne. Ni ma an faɗa min haka. Na yi shekara 22 ina koyar da lissafi a sakandare, kuma 'ya'yana biyar duk mata ne.

Ki ɗauki kwabo ki cilla sama. Ko sau huɗu ya faɗi ta fuska ɗaya, na biyar ba ruwansa da na baya. Haihuwa ma haka take, mahaifa ba ta riƙe lissafin abin da ya wuce. Kowane ciki kusan rabi da rabi ne. Na ce kusan, domin a duniya ana haihuwar maza wajen 105 a kan kowane mata 100.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne, da a ranar ɗaurin aurenki aka tambaya ko za ki haifi mata biyar a jere, amsar ita ce ɗaya cikin 32, wato biyu sau biyu har sau biyar. Amma huɗun sun riga sun zo, suna nan suna wasa a tsakar gida. Ciki ɗaya ya rage, shi kuwa ɗaya cikin biyu ne. A cikin gidaje 32 masu 'ya'ya biyar, ana sa ran samun gida ɗaya mai mata zalla, ɗaya mai maza zalla. Shi gidan mazan ba a kiran taron dangi a kansa.

Abin da ya fi min ciwo lokacin da na haifi ta huɗu, surukata ko barka ba ta zo ba. Alhali ƙwayoyin halitta da ake kira X da Y su ne ke sa jariri ya zama mace ko namiji. Ƙwan mace kullum X yake ɗauke da shi, maniyyin namiji ne ke zuwa da X (a samu mace) ko Y (a samu namiji). Shi ma mijin ba zaɓa yake yi ba, Allah ne ke bayarwa, kamar yadda ya zo a Suratush Shura, aya ta 49 da 50.

Don Allah kada ki sha wani jiƙo da sunan juya ciki. Jinsin jariri tun ranar da ciki ya shiga ya tabbata. Ki riƙa zuwa awo, wajen wata biyar hoton ciki yakan nuna, in kina son sani. Allah Ya sauke ki lafiya.